Jinin mai zazzaɓi, tarkon sauro, ko tunkiyar da ta yi ɓari: ta ina za a fara neman ƙwayar cutar a Damagaram?

Ɗiyar ƙanwata ce ta tayar da maganar. Tana shekarar ƙarshe a jami'a nan Damagaram, an ce ta kawo abin da za ta yi kundin kammala karatu a kansa, kuma ta samu ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. Ta same ni a zaure bayan la'asar, da takardu biyu a hannu. Ɗaya tsari ne na kama sauro unguwa-unguwa a nemi ƙwayar cuta a jikinsa. Ɗayar kuwa ta ɗibar jinin masu zazzaɓi ce a gidan likita.

"Kawu," in ji ta, "kai da ka tsufa a labo, wacce zan ɗauka? Ni dai burina in kai ga karanta ƙwayar harafi-harafi, kamar yadda aka yi wa korona."

Na ce ta samu wuri ta zauna, amsar ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya mata shi nake son shimfiɗawa a nan, don ba ɗalibai kaɗai ke cin karo da wannan zaɓi ba. Duk ma'aikacin lafiya ko ƙungiyar da ta samu ɗan kuɗi don sa ido kan cututtukan sauro, a wannan mararraba za ta tsaya.

Sai mu fara raba gari da palu, don mu nan da an ce sauro ita ke faɗo wa kowa a rai. Ƙwayar palu wata halitta ce daban, ana ganinta a madubin labo, tana da gwajin tsinke na minti goma sha biyar, tana da maganinta. Waɗanda muke magana a kansu bairos ne: dengi, shawara, cikungunya, Zika, zazzaɓin Yammacin Nilu, da zazzaɓin Kwarin Rift. Madubinmu ba ya ganinsu, maganin palu ba ya taɓa su, kuma a kwanakin farko dukkansu kayan palu suke sanyawa: zafin jiki, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi. Ba kuma labarin nesa ba ne. A 2016 zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, yankin Cintabaradan, ya kashe mutum fiye da 30. A 2020 cikungunya ta kama dubban mutane a Abeshe ta ƙasar Cadi. A 2022 aka tabbatar da dengi karon farko a Nijar, a jikin wani matafiyi da ya dawo daga Kuba. A 2023 kuwa dengi ta yi ɓarna a Burkina Faso, ta ci rai sama da 700. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta ta gabas da ta yamma.

Na fara mata da takardar jini, don ita na fi sani.

Babbar ribar neman ƙwaya a jikin mutum ita ce marar lafiya da ƙafarsa yake zuwa. Ba mota, ba batir, ba kwana a bakin tabki. Duk damina layi ne a ɗakunan shan magani, ana yi wa kowa gwajin palu, kuma kullum akwai waɗanda jikinsu ya yi rau amma tsinken ya nuna layi ɗaya tak, wato babu palu. Waɗannan su ne mutanenka. Galibi farasitamol ake ba su, wani lokaci a haɗa da maganin palun duk da haka, su tafi gida ba wanda ya san abin da ya kwantar da su. Idan dengi ce, a kwanaki biyar na farko jininsu cike yake da ƙwayar, ta isa gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar kanta a labo, ta kuma isa a karanta kundin halittarta harafi-harafi. Akwai ma gwajin tsinke na dengi da ake kira NS1, mai kama wani sinadari da ƙwayar ke zubarwa cikin jini a makon farko, ana yinsa nan take.

Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Mutanenmu ba sa zuwa likita ran farko. Sai an sha sassaƙe, an sayi ƙwaya wajen mai tallar magani, an jira kwana huɗu ko biyar. Kafin a iso, ƙwayar ta fara ɓacewa daga jini, saura sawunta kawai, wato garkuwar da jiki ya ƙera, wadda ake aunawa da gwajin IgM. Shi kuma wannan gwaji ba ya rarrabe 'yan gida ɗaya da kyau. Dengi, shawara, Zika da zazzaɓin Yammacin Nilu dangi ne na kusa, garkuwar wannan takan amsa sunan wancan, har wanda bai daɗe da yin allurar shawara ba yana iya rikita sakamako. Ga wata matsalar: mutum na iya ɗauke da palu da dengi lokaci guda, don haka wanda ya taƙaita ga marasa palu kaɗai zai tsallake wasu. Kuma mafi yawan waɗanda dengi ta shiga jikinsu ba sa ma kwanciya. Ranar da ka ga mutum goma a gadon likita, cutar ta daɗe tana zagaya unguwa. Jini yana faɗin gaskiya, amma a makare. Ban da wannan sai an samu izinin kwamitin da ke kula da ɗa'ar bincike, sai kowane marar lafiya ko waliyyinsa ya amince, abin da kan ci watanni. Na ce mata in wannan za ta ɗauka, gobe ta fara rubuta takardar neman izinin.

Takardar sauro ita ta fi burge ta, na kuma gane dalili. A ka'ida ita ce mai ganin hadari tun yana gabas: ka kama ƙwayar a jikin sauro kafin ta kai ga mutum. A ƙasashen da ke da hali haka ake yi. A Amurka kowane bazara ana gwada sauro don zazzaɓin Yammacin Nilu, tun bayan shigarsa birnin Niyok a 1999. Sannan sauro ne kaɗai zai gaya maka wane iri ne ke ɗaukar cutar a garinka, abin da jinin mutum ba zai taɓa faɗa ba.

Amma bari in kwatanta aikin yadda yake a hannu. Ana rataye tarko kafin magariba, mai ɗan fitila da fanka da ke zuƙe ƙwari cikin jakar raga. Da asuba a je a kwance. Abin da ke ciki ba sauro kaɗai ba ne: fara ce, malam-buɗe-littafi ne, ƙananan ƙwari ne birjik, wasu sun farfashe. A sumar da su da sanyi, a zuba kan faranti da aka ɗora bisa ƙanƙara, a zauna da ɗan hantsaki ƙarƙashin madubi ana tsincewa ɗaya bayan ɗaya. Maza gefe guda, su ba sa cizo, ana gane su da gashin-baki buzu-buzu. Mata a raba su iri-iri: ga Culex mai ruwan ƙasa na kwata da masai, ga Anopheles mai ɗige-ɗige a fiffike, ga Aedes baƙi mai zanen fari a ƙafa. Duk wannan da gaggawa, don kundin halittar ƙwayar da ake nema, wanda ake kira RNA, zafi na lalata shi cikin sa'o'i, ƙanƙarar kuma tana narkewa ana kallo. Daga nan a zuba su cikin 'yan kwalabe, kada kwalba ta wuce sauro 50 iri ɗaya daga wuri ɗaya, a niƙa, a yi wa kowace kwalba PCR.

Na ɗauki biro na yi mata lissafi a bayan takardarta. A ƙaddara cikin sauro 1,000 guda ɗaya ne ke ɗauke da ƙwayar, kuma in ba lokacin annoba ba sau da yawa bai ma kai haka ba. Kafin ki samu tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa za ki kama shi, sai kin gwada mata wajen 3,000, kwalba 60 ke nan. In kuɗinki na sauro 500 ne kawai, to kusan kashi 60 cikin 100 za ki tashi a tutar babu, alhali ƙwayar tana nan cikin gari. Abin da ya fi ciwo, ba ki da bakin cewa "babu dengi a Damagaram". Iyakarki ki ce ba ki gani ba.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Kawu ai sauro ba ya wuya a garin nan."

Culex ne ba ya wuya. Shi ne mai kukan kunne da dare, shi ke cika tarkon fitila. Mai kawo dengi, shawara da cikungunya a birane, Aedes aegypti, da rana yake cizo, da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana, fitila ba ta ruɗarsa, gidan sauron dare ma bai cika tare shi ba. Shi sai tarko na musamman irin BG-Sentinel mai fitar da warin jikin mutum, ko a bi ɗaki-ɗaki da injin zuƙa. Tarkon na son batir mai caji kullum, yana kuma son iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda a wasu wurare ake samu daga busasshiyar ƙanƙara. Mu nan sai dai a haɗa yis da sukari da ruwa cikin bido. Yana aiki, amma wani yinin sauro biyar ko goma za ka tarar. Yaushe za a kai dubu uku? Akwai wata dabara da masu bincike a Ostareliya suka fito da ita, ta sa kati na musamman da aka shafa wa zuma cikin tarko: sauro ya zo lasa, ya bar yawunsa, katin ya riƙe RNA ɗin kwanaki ba tare da sanyi ba. Ta rage wahalar ƙanƙara da tsince-tsince, amma ba ta canza lissafin ba.

Akwai fa wani aikin sauro mai arha da mutane ke rainawa don ba shi da na'ura: bin gida-gida ana leƙa mazubin ruwa. A Damagaram kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garin bisa dutse yake zaune, ƙishirwarsa ta fi shekarun kowa a cikinmu, ruwan ma daga nesa ake jawo shi, irin su Gogo da Arunguza. Don haka ba gidan da ba ya tara ruwa: randa, tano, bido, kwatanniya, tsohuwar taya a bayan ɗaki. Aedes aegypti ba ya son ruwan kwata, wannan ruwa mai tsabta na ajiya shi yake so. Uwar tana manna ƙwai a jikin mazubi daga ciki, sama kaɗan da bakin ruwa, ƙwan ya bushe ya yi watanni bai mutu ba, ran da aka sake cika randa ya ƙyanƙyashe, cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi. Ma'ana, ko da damina wata uku zuwa huɗu ce a wajenmu, 'yan ga-ruwa na iya riƙe masa damina har cikin rani. Kuma ba mai nisan tashi ba ne, yawanci inda aka haife shi nan yake cizo.

Na taɓa shiga wani gida a Birni da tocila da ɗan ludayi. Na ɗage faifan randa na haska, sai ga su suna wutsil-wutsil, suna gudun haske zuwa ƙasa. Uwar gidan ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. "Malam, duba iya dubawarka, amma ruwan nan ba za a zubar ba. Kwana uku famfo bai kawo ba." Gaskiyarta. Muka tace shi da ƙyalle cikin wani mazubi, ta goge cikin randar da soso, aka ɗaure bakin da zane. Wannan aiki tocila yake ci, da littafi, da ladabin sallama. A ƙarshe ka fito da adadi mai amfani: cikin gida 100, mazubi nawa ke da tsutsa, a wace unguwa, a wane wata. Ba ya nuna ƙwayar cuta. Yana nuna inda busasshiyar ciyawa take, in wuta ta zo.

Sai na kawo mata takarda ta uku, wadda ba ta zo da ita ba. Zazzaɓin Kwarin Rift, da aka fara ganowa a tumakin Kenya a farkon shekarun 1930, dabba yake fara bugewa kafin mutum. Ƙwayar na iya kwana cikin ƙwan wasu nau'in Aedes a busasshen laka na tabki. In aka yi damina mai ƙarfi tabkuna suka cika, su ƙyanƙyashe da ita, su ciji bisashe, sannan Culex ya karɓa ya watsa. Alamarta ba ta ɓuya: tumaki da awaki masu ciki su yi ta ɓari a garke guda cikin 'yan kwanaki, 'yan raguna sabbin haihuwa su mutu kusan duka. Mutum kuma yawanci ba ta cizon sauro yake ɗauka ba, ta jini ne wajen yanka da fiɗa, ta taɓa ɗan da aka ɓarar, ko ɗanyen nono. A jihar da ke da makiyayan Tanut, Gure, Tesker da Belbeji, ga dabbobi na gangarawa kasuwannin iyaka irin Maigatari kowane mako, makiyayin da zai buga waya ya ce "tumakina goma sun zubar da ciki" ya fi tarko ɗari saurin ba da labari.

Amma na hana ta wannan. Na farko, samfurin haɗari ne. Ɗibarsa aikin malaman dabbobi ne masu kayan kariya, gwajinsa kuma na labon dabbobi na LABOCEL da cibiyar binciken lafiya ta CERMES ne a Yamai. Na biyu, makiyayi ba wawa ba ne. Ya san in labari ya fita ana iya rufe kasuwa. Bayan cutar ta tsallaka Saudiyya da Yaman a 2000, Saudiyya ta yi shekaru ba ta sayen dabbobin ƙasashen ƙahon Afirka. Yardar da za ta sa mutum ya faɗi abin da zai iya karya masa farashin rago ba ɗaliba ce za ta gina ta cikin wata shida ba. Ga hukuma kuwa, in ni aka tambaya, nan zan zuba kuɗin farko.

Saura burinta, karatun kundin halitta. Amfaninsa ba abin musu ba ne. Ƙwayar dengi haruffa wajen 11,000 ce, iri huɗu gare ta, kuma kamuwa ta biyu da wani iri daban ta fi haɗari, don haka sanin wanne ya shigo gari ba ƙawa ba ne. Kwatanta haruffan da na wasu ƙasashe shi zai nuna ko ta Wagadugu ta biyo, ko ta Kano, ko ta daɗe a nan ba a sani ba. A tsibirin Reyuniyon a 2005 da 2006, cikungunya ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, karatun kundin ne ya nuna canji ɗaya tak a rigar ƙwayar ya sa ta ji daɗin wani sauro, Aedes albopictus. A ƙarshen 2018 a jihar Edo ta Najeriya, mutane na mutuwa da zazzaɓi, gwajin zazzaɓin Lasa bai nuna komai ba. Cibiyar ACEGID mai nazarin kundin halittar cututtuka, da ke garin Ede, ta karanta duk abin da ke cikin jinin, cikin 'yan kwanaki ta ce shawara ce.

Injinan karatun kundin da aka fi amfani da su iri biyu ne. Na kamfanin Illumina, kamar MiSeq, akwati ne da ya haura kilo 50, kurensa kaɗan ne ƙwarai, wajen harafi ɗaya cikin dubu, amma yana son ɗaki mai sanyi marar ƙura, da kuran da ba zai yanke ba yini ɗaya ko biyu yana aiki, da injiniya in ya lalace. Wanda ya ga yadda muka sha duhu daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya san amsar. MinION na kamfanin Oxford Nanopore kuwa bai fi wayar hannu ba, a kwamfutar cinya ake jona shi. Da shi aka karanta Ebola a Gine a 2015, aka kuma zagaya da shi cikin mota a Barazil a 2016 ana bin Zika. Kurensa ya fi yawa, ko da yake ya ragu sosai, kuma maimaita karatun wuri ɗaya sau da yawa na gyara shi. In dole sai an ajiye ɗaya a Damagaram, shi ne. Sai dai arharsa ta ranar saye ce. Farantin da ake ɗora samfur a kai firigo yake so, watanni kaɗan yake yi ya mutu, daga Turai yake zuwa, kuma ba ya biyan kuɗinsa sai an tara samfur da yawa an karanta tare. Sayen doki ba wuya, dawar da zai ci kullum ita ce magana.

A nan ma jini ya fi sauro. Kwalbar sauro 50, in ka ce a karanta duk abin da ke ciki, yawancin abin da zai fito na jikin sauron ne, da wasu bairos nasa na kansa da ba ruwansu da mutum. Masu nazarin halittu na jin daɗin wannan, amma ba shi likita ke jira ba.

Kuma kowane inji, abin da aka ba shi yake karantawa. Wata shekara na tara samfur na makonni, na jera cikin akwatin sanyi, na kai tasha na ba wata motar Yamai, tafiyar kilomita wajen 900. Motar ta lalace a hanya, akwatin ya kwana ya wuni a rana. Da aka buɗe can, ruwan ɗumi ne ke iyo da kwalabe. Ba wanda ya yi mugunta, ni ne ban raka kayana ba. Samfur irin wannan kwana biyu zuwa uku yake jurewa a firigo, in zai daɗe sai daskarewa mai tsanani, digiri 80 ƙasa da sifiri, ko a zuba shi cikin ruwan maganin da ke kashe ƙwayar ya adana RNA ɗinta. Ko a 2016 ma, samfuran Cintabaradan sai da suka kai cibiyar Pasteur ta Dakar kafin a tabbatar da cutar cikin Satumba, alhali tun Agusta mutane ke kwanciya. Yau ana iya gwajin a Yamai, amma hanyar Damagaram zuwa Yamai ba ta rage ko taku ɗaya ba.

Don haka na ce mata: ɗauki jini. Ki zaɓi gidan likita ɗaya ko biyu, ki tsaya kan masu zazzaɓin da bai wuce kwana biyar ba, daga Satumba zuwa Disamba, don a Burkina ma bayan ɗaukewar ruwa dengi ta fi tashi. Kuɗinki ki zuba su a gwajin NS1, da ruwan adana samfur, da kuɗin motar da ke kanki za ki shiga da akwatinki a cinya. Duk wanda gwajinsa ya nuna, ki bi shi gida ki leƙa randunan gidansu da na maƙwabta, a nan ne ma kama sauro ke da riba, don kin san inda ƙwayar take. Karatun haruffan kuma ki nemi a bar ki ki zauna kusa da masu yinsa a Yamai, da samfurinki. Tarko zalla sai ga wanda ya shiga ayarin da ke da firigo mai sola, da kuɗin damina biyu ko uku, ko kuwa annoba ta riga ta sauka.

"In kuma ban samu ko mutum ɗaya ba fa, Kawu?"

Na ce to kin samu adadin masu zazzaɓin da ba palu ba, ba dengi ba, ga jininsu a ajiye ana iya neman cikungunya da sauran a ciki, ga taswirar randunan unguwa uku. Wannan kundi ne.

Ta naɗe takardar tarkon ta sa a jaka. Da za ta fita sai ta tsaya wajen randar da ke bakin zaure, ta ɗage murfin, ta kunna fitilar wayarta ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"Kawu, zo ka ga taka."